HARSHEN DA NA'URA KE JI: ABIN DA KA ZUBA SHI ZA KA KWASA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a ɗakin taro na makaranta.

 



GABATARWA

Ranar da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce ni zan yi jawabin bana, kuma a kan kwamfuta, na so in zille. Dalili kuwa shi ne na san malaminmu na lissafi ba ya fashin wannan taro, kuma shi ne ya taɓa ba ni uku cikin ashirin a aji biyu, ya rubuta da jan biro cewa in same shi a ofis. Allah ya gafarta malam, ga shi yau na zo, ko da yake na makara da kusan shekara ashirin. Idan na yi daidai, tarbiyyarku ce. Idan na yi kuskure, a gyara mini, amma don Allah ban da bulala.

Zan fara da wani abu da ya faru a kan idona a wurin aiki, domin shi ne ya sa na yarda da wannan gayyata.

Shekarun baya an yi aikin tantance ma'aikata, aka ɗauki bayanan kowa daga fayil aka shigar a kwamfuta. Bayan wata guda sai ga wani bawan Allah, maigadi, mutumin wani ƙauye a ƙasar Rogo, ya zo yana cewa albashinsa bai shiga ba. Aka ce ya yi haƙuri. Wata na biyu shiru, na uku shiru. Mutumin nan ya sayar da akuyarsa, ya ci bashin masara, ya riƙa biyan kuɗin mota zuwa Kano yana komawa hannu rabbana. Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya ce: kwamfuta ce ta cire ka. Da muka zauna muka bi diddigi, sai muka tarar an haife shi a 1965, amma wanda ya shigar da bayanin ya buga 1956. Lamba biyu suka yi musayar wuri. Mutum mai shekara 54 ya koma mai 63, na'ura kuwa an riga an gaya mata duk wanda ya haura 60 ta tsayar da albashinsa. Sai a wata na huɗu aka gyara.

Ranar da aka gyara ya tambaye ni, "Yallaɓai, me na yi wa kwamfutar nan?" Amsar wannan tambaya ita ce jawabina na yau.

INJIN NIƘA

Kowa a nan ya taɓa kai niƙa. A inji akwai mazubi inda ake zuba hatsi, akwai cikin inji inda ake murƙushe shi, akwai kuma bakin da gari ke fitowa. Kwamfuta ma haka take, tun daga ƙaramar wayar da ke aljihunka har zuwa manyan na'urorin banki. Akwai shigarwa, akwai sarrafawa, akwai fitarwa.

Ƙofofin shigarwa su ne madannan haruffa, da linzami, da fuskar waya da ake shafawa, da kyamara, da makirufo, da gilashin da ake dangwala yatsa a kai. Ƙofofin fitarwa kuwa su ne fuskar kwamfuta, da firinta, da lasifika, da saƙon da ke shigo maka idan kuɗi sun shiga asusunka. Idan ka je wurin mai POS a kasuwar Karaye, katin da ka miƙa da lambar sirri da ka danna shigarwa ne, 'yar takardar da ta fito kuma fitarwa ce. A zaɓen 2023 na'urar BVAS ta karɓi yatsanka ko hoton fuskarka, ta fitar da amsa, kai ne ko ba kai ba ne.

Ko mu da muka rubuta jarrabawar JAMB da fensir, ashe shigarwa muke yi ba mu sani ba. Wannan gargaɗi da malamai suka riƙa yi mana, cewa mu yi amfani da fensir HB, mu cike gurbi sosai, mu goge kuskure tas, dalilinsa shi ne na'ura ce ke duba takardar, kuma baƙin fensir kawai take gani.

To, mai inji ya san abu guda. In ka zuba dawa, garin dawa za ka kwasa. In hatsinka da tsakuwa, da tsakuwa za ka ci tuwo. Inji bai san gidan da za a kai garin ba, bai kuma san ko na biki ne ko na sadaka ba. Kwamfuta ba ta san maigadin nan ba, ba ta ƙi shi ba, ba ta kuma tausaya masa ba.

ME YA SA NA'URA TAKE BUKATAR HARSHE?

A can cikinta, kwamfuta abu biyu kacal ta sani, akwai wuta ko babu wuta. Masana suna rubuta su da 1 da 0. Idan aka jera guda takwas, ana iya samun salo 256 daban-daban, kuma da irin wannan jeri ake wakiltar lamba da harafi da launi da sauti. Alal misali babban harafin A lambarsa 65 ce, a cikin na'ura kuwa 01000001 ne.

A farkon zamanin kwamfuta, a shekarun 1940, da irin waɗannan lambobi da sauya wayoyi ake ba na'ura umarni. Aiki ne mai cin rai, kuskure kuma ba ya ƙarewa. Saboda haka aka ƙirƙiro harsuna da mutum zai iya rubutawa ya karanta, sa'an nan aka sa wata manhaja a tsakani ta zama tafinta. Tafintan nan iri biyu ne. Akwai wanda zai karɓi dukan rubutun ya fassara shi gaba ɗaya kafin a fara aiki, kamar mai fassara littafi. Akwai kuma wanda yake fassarawa layi bayan layi ana cikin aiki, kamar tafintan kotu, mai shaida ya faɗa, shi kuma ya mayar.

Harsunan suna da yawa, kowanne da inda ya fi ƙarfi. FORTRAN ya fito a 1957 daga kamfanin IBM na Amurka, ƙarƙashin jagorancin John Backus, domin lissafin kimiyya. COBOL ya biyo baya a 1959 domin harkar ofis da kuɗi, kuma har yau akwai manyan bankunan duniya da ke aiki da shi. BASIC ya fito a 1964 domin masu koyo. 'Yan ajinmu za su tuna shi ne muka riƙa kwafa daga allo zuwa littafi, muna haddace PRINT da GOTO kamar karatun baƙi, alhali ba mu taɓa ganin sun yi aiki ba. Dennis Ritchie ya samar da harshen C a 1972. Wani mutumin ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar da Python a 1991, Java da JavaScript kuma suka bayyana a 1995.

Bambancin waɗannan harsuna da namu na baka shi ne ba su san kara ba. Idan na ce wa ƙanena, "Je ka sayo mini abin nan a wurin mutumin nan," zai gane, domin ya san ni. Kwamfuta kuwa, ko waƙafi ɗaya ka manta sai ta tsaya cik, ko kuma, abin da ya fi muni, ta ci gaba da aiki ta ba ka amsar da ba ita ba.

ABIN BA BAƘO BA NE A WURINMU

Kafin a rubuta komai da harshen kwamfuta, sai an tsara matakan warware matsalar ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, ba kame-kame. Sunan da Turawa suke kiran irin wannan tsari, watau algoridim, ya samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, malamin lissafi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Daga littafinsa ne kalmar aljabara ta fito, kuma wani babban sashe na littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake.

A nan ƙasar Hausa ma muna da namu. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin zana hatimi, watau jera lambobi cikin gidaje ta yadda duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. A hatimi mai gida tara, kowane layi 15 yake bayarwa. Abin da ya koyar shi ne ƙa'ida, fara daga nan, matsa zuwa can, in ka tarar da gida a cike yi kaza. Wannan shi ne ainihin tunanin mai rubuta manhaja. Duk wanda ya zauna gaban malami ya koyi rabon gado, ko ya iya bin ƙa'idar ƙabli da ba'adi, ya riga ya saba da irin wannan tunani.

TUBALA HUƊU

Kusan kowane harshen kwamfuta a kan tubala huɗu aka gina shi.

Na farko, ma'aji. Wuri ne a ƙwaƙwalwar na'ura da ake laƙaba wa suna a ajiye abu a ciki, kamar kwanon da uwargida ta ce wannan na gishiri ne. Sunan yana nan, abin da ke ciki yana iya sauyawa.

Na biyu, nau'in abin da aka ajiye. Dole na'ura ta san ko lamba ce, ko rubutu ne, ko kwanan wata. Idan 2 da 2 lambobi ne, in an haɗa su 4 za a samu. Idan kuwa an ɗauke su a matsayin rubutu, in an haɗa su 22 za a gani. 'Yan'uwana ma'aikata masu aiki da Excel sun sha ganin lambar waya ta rasa sifirin farko. Dalili shi ne na'ura ta ɗauke ta a matsayin lambar lissafi, a lissafi kuwa sifiri a gaba ba shi da amfani, sai ta yar da shi.

Na uku, sharaɗi. Idan kaza ya faru yi kaza, in ba haka ba yi kaza.

Na huɗu, maimaitawa. Ci gaba da yin kaza har sai kaza ya cika. Kamar mai awo ne a kasuwa, cika kwano, juye, ƙara ɗaya a lissafi, har buhu ya ƙare. A nan ne ƙarfin na'ura yake, domin za ta maimaita abu sau miliyan ba gajiya. A nan ne kuma haɗarinta yake, domin in umarnin da kuskure, sau miliyan za ta maimaita kuskuren.

Bari mu haɗa su da misali daga gida. Ƙasarmu ta Karaye da Rogo ƙasar noma ce, ga na damina, ga kuma na rani, musamman tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992. Mun koya a fiƙihu cewa nisabin zakkar hatsi wusƙi biyar ne, watau sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahala, da inji ko da jigo, ana fitar da ɗaya cikin ashirin. Malaman addini da ke nan su gafarce ni, na taƙaita ne domin misali. Ga yadda za a gaya wa kwamfuta wannan da harshen Python, kamar yadda na rubuta a allo:

awo = int(input("Sa'i nawa ka samu? "))
ruwa = input("Damina ko rani? ")
if awo < 300:
    print("Bai kai nisabi ba")
elif ruwa == "damina":
    print("Zakka:", awo / 10)
else:
    print("Zakka:", awo / 20)

Layi takwas ne kacal. Layi biyu na farko su ne ƙofar shiga, kalmar input tana nufin tsaya ka karɓi abin da mutum zai buga. Kalmar int tana cewa a mayar da abin da aka buga lamba, domin a iya lissafi da shi. Awo da ruwa su ne ma'ajanmu. Kalmomin if da elif da else su ne sharuɗɗa, print kuma ita ce ƙofar fita. Idan manomi ya ce ya sami sa'i 600 na damina, za ta ce ya fitar da 60. Idan na rani ne, 30.

To amma akwai tarko a cikin wannan rubutu nawa, kuma da gangan na bar shi. Wasunmu damina suke cewa, wasu damuna. A ce manomi ya buga damuna, ko ya fara da babban harafi. Na'ura za ta duba ta ga ba daidai yake da abin da aka gaya mata ba, sai ta zarce zuwa layin ƙarshe ta ce ya fitar da 30. Ba za ta yi ƙara ba, ba za ta nuna alamar shakka ba. Sa'i 30 na miskinai ya salwanta ke nan, kuma laifin ba na manomi ba ne, nawa ne, ni da ban yi tanadin abin da zai iya shigowa ba. Gyaransa shi ne in sa na'ura ta ƙi karɓar duk amsar da ba ta gane ba, ta sake tambaya, ko in ba mutum zaɓi, ya danna 1 ko 2.

TSARON ƘOFAR SHIGA

Wannan ya kawo mu ga babban darasin yau. Yawancin ɓarnar da ake ɗora wa kwamfuta a bakin ƙofa take faruwa, kuma ba mu kaɗai abin ke samu ba. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda wata manhaja tana fitar da lissafi da ma'aunin Ingilishi, wadda ke karɓa kuma tana ɗauka ma'aunin mita ne. Kamar dai mai sayarwa yana nufin mudu, mai saye yana nufin tiya. A ƙarshen shekarun 1990 kuma duniya ta kashe dukiya mai yawa wajen gyaran tsofaffin manhajoji da suke ajiye shekara da lamba biyu, domin gudun kada su ɗauki 2000 a matsayin 1900. A nan gida, a watan Mayu na 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito fili ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da kudu maso gabas, aka sake wa ɗalibai kusan dubu 380 jarrabawa.

Manhaja mai kyau tana da maigadi a ƙofa. Lambar NIN da ta BVN kowace guda 11 ce, in ka buga goma za ta ƙi karɓa. Wata ba ya wuce 12, saboda haka in ka buga 13 ya kamata ta dawo da kai. Amma akwai kuskuren da wannan gadi ba ya kamawa. Shekarar 1956 shekara ce ta gaskiya, an haifi mutane a cikinta, na'ura ba ta da dalilin ƙin ta. Haka nan idan aka rubuta 03/11, mu a nan uku ga Nuwamba muke nufi, manhajar da aka saita bisa tsarin Amurka kuwa sha ɗaya ga Maris za ta ɗauka. Maganin irin wannan ɗaya ne, a karanta wa mai abu abinsa kafin a rufe. Shi ya sa idan za ka tura kuɗi ta waya ake nuna maka sunan mai asusun tukuna. Da an juya fuskar kwamfuta an ce wa maigadin nan, "Baba, a 1956 aka haife ka?" da akuyarsa tana nan.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu mu Hausawa musamman, watau haruffa masu lanƙwasa. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 gare shi, an yi shi ne domin Ingilishi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. A shekarun 1990 sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa na musamman domin a iya buga Hausa daidai a kwamfuta. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa. Ƙaramin ƙ lambarsa 409, ɓ 595, ɗ kuma 599. A yau kowace wayar zamani tana iya buga su, in ka sa Hausa a madannanta. Amma har yanzu akwai tsofaffin manhajoji da in ka ba su suna mai lanƙwasa sai su fitar da alamar tambaya ko ɗan akwati. Kun san kuwa akwai nisa tsakanin ƙafa da kafa, da tsakanin ɓata da bata. Shawarata ga iyaye ita ce, a zaɓi rubutun suna guda ɗaya ga yaro, harafi da harafi, a tsaya a kansa tun daga takardar haihuwa har NIN har jarrabawa. Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne a wurinmu, a wurin na'ura kuwa mutum biyu ne.

ƘOFAR FITA

Fitarwa ma tana da nata haƙƙi. Abin da na'ura ta fitar ya kamata wanda aka yi domin shi ya gane shi. Saƙon da ya ce an sami kuskure, bai faɗi inda kuskuren yake ba, bai taimaki kowa ba. Sa'an nan mu ma'aikata mu ji tsoron Allah mu daina fakewa da kalmar nan, "kwamfuta ce ta ce." Takardar da firinta ta fitar ba wahayi ba ce. Wani ne ya shigar da bayanin, wani ne ya rubuta ƙa'idar, kuma duka biyun 'yan'adam ne masu kuskure. Idan talaka ya zo ya ce ba daidai ba ne, a buɗe fayil a duba.

Wani zai ce, tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, irin waɗannan manhajoji suna rubuta umarnin kwamfuta da kansu, to me ya rage a koya? Gaskiya ne suna rubutawa, ni ma ina amfani da su. Amma suna iya rubuta maka irin layuka takwas ɗin nan da tarkonsu a ciki, kuma wanda bai iya karantawa ba ba zai gani ba. Mai gona ko ya ɗauki 'yan ƙwadago, sai ya san kunya mai kyau.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ranku ya daɗe, tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma tun 2021 ba a rajista sai da NIN. Hukumar WAEC ma ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu zana ta kai-tsaye a 2024. Hukumar JAMB ta sauƙaƙa, ana iya amsawa da 'yan madannai kaɗan, A, B, C, D domin zaɓen amsa, N domin ci gaba, P domin komawa baya, S domin miƙawa. Amma yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, hannunsa rawa yake yi, lokaci kuma yana tafiya. Na ga wannan a cikin gidanmu. Yarinya ce mai ƙoƙari, ta san amsa, amma tsoron kada ta danna abin da zai goge komai ya cinye mata lokaci mai yawa. Ta zauna gida shekara guda kafin ta sake.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu huɗu.

Na ɗaya, mu ɗauki nauyin ɗakin kwamfuta na makarantar nan, mu fara da wuta. Kwamfuta goma masu aiki da hasken rana sun fi hamsin da ke lulluɓe da ƙura. A kafa kwamiti na mutum uku ya kawo ƙiyasin kuɗi kafin taro na gaba, kowane aji da ya fita kuma ya ɗauki kwamfuta ɗaya. Ajinmu ya amince da tasa.

Na biyu, malami. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano a Kusalla yake, nan ƙofar gidanmu. Shugaban makaranta ya rubuta, mu kuma mu bi sawu, a nemi a riƙa turo mana wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta. Ƙungiya ta taimaka masa da masauki da ɗan abin sabulu.

Na uku, kada ɗalibi ya fita daga aji shida sai ya zauna gaban kwamfuta ya yi jarrabawar gwaji aƙalla sau uku, ya kuma rubuta ƙaramar manhaja da hannunsa, ko da mai layi takwas ce. 'Yan ƙananan azuzuwa su fara da Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda ake jera umarni kamar tubala. Python kyauta ne, har a wayar Android ana iya gwada shi. Kada kuma a ware 'yan mata. Wadda ake ambato a matsayin ta farko da ta wallafa tsarin umarni domin na'ura mace ce, Ada Lovelace ta Ingila, a 1843.

Na huɗu, mu da muke da wannan sani mu ba da lokacinmu. Ni na yi alkawari, in Allah ya yarda, Asabar ta farko a kowane wata zan zo nan daga ƙarfe goma zuwa azahar. Ina gayyatar duk wanda zai iya ya biyo ni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAMMALAWA

Ƙannena da ke baya, kada sunayen nan na Turanci su razana ku. Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa ba su kai arba'in ba, kun haddace abin da ya fi haka tun kuna makarantar allo. Abin da ake bukata shi ne natsuwa da bin mataki, wanda malamin lissafi yake nema a wurinku idan ya ce ku nuna yadda kuka yi aiki. Ni sai da na shiga jami'a na gane abin da jan biron nan yake nufi. Wata rana ɗayanku zai zauna a kan kujerar da ake shigar da sunayen mutane da shekarunsu da haƙƙoƙinsu. Ranar nan ku tuna da maigadin nan na ƙasar Rogo, ku duba abin da kuka buga sau biyu, ku kuma karanta wa mai shi.

Iyayenmu malamai, ba mu da abin da za mu biya ku. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makomarsu. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.